Faɗuwa Huɗu A Wata

Ni mai sanƙo ne, irin sanƙon da ko ƙuda ya sauka sai ya zame, amma har kwanan baya ba na fashin zuwa shagon aski duk mako. Ba gashi ke kai ni ba, gulma ce. Da ita na tsinci wannan labari, rabi a kan benci, rabi ta kan katanga.

Shagon a jikin ƙofar gidan su Mai Aski yake, ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, da madubi mai tsaga a kusurwa. Mai Aski mutum ne mai sanyin hannu, in ya ɗora maka reza a wuya sai barci ya fara fizgar ka. Yana da farfaɗiya, kowa a layin ya sani, amma an daɗe da mantawa, don shekaru sun shuɗe bai faɗi ba. Farar ƙwaya ce ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a wata kwalba da yake ajiyewa bayan madubi kusa da hodar wuya.

Ƙanensa likita ne sabon fitowa, kuma shi ke ɗauke da cefanen gidan. Tun ranar da ya sa farar riga, Inna, mahaifiyarsu, ta manta sunan da aka raɗa masa. Ko ruwa za ta miƙa masa sai ta ce Likita.

Wata safiya Likita ya zauna a kujerar, Mai Aski ya ɗaura masa tawul ya shafa kumfa.

"Yaya, wata alfarma nake nema."

"In gemu ne ɗaga haɓa. In wani abu ne ka jira in gama."

"Bincike muke yi a asibiti, na sabon maganin ciwonka. Farfesa ya yanka wa kowannenmu adadin mutanen da zai kawo. Kowa ya cika nasa, ni kaɗai na rage, kuma mutum ɗaya nake nema. Wanda bai cika ba ba za a sa sunansa a aikin ba."

"To ga ni. Rubuta ni."

"Matsalar ke nan. Ba su karɓar wanda ya samu sauƙi. Sai mai faɗuwa aƙalla sau huɗu a wata."

Mai Aski ya yi dariya yana goge reza a bayan hannu. "To Allah ya kawo muku masu faɗuwa. Ni na gama nawa tun kana rarrafe."

"Da za ka ɗan ajiye ƙwayar nan, Yaya. Wata ɗaya kacal. A ƙirga, a rubuta ka, ka koma kan maganinka har da sabon a kai. Kai ma riba ce."

Rezar ta tsaya a iska. Mai Aski ya dubi ƙanensa ta cikin madubi, yana jiran ya ga alamar wasa. Babu.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? A wuyan mutane nake aiki."

"Ai ina gida. Mutum da likita a gida me zai same shi?"

"A'a," in ji Mai Aski. Ya gama gemun tsaf, ya karkaɗe tawul.

Da yamma Inna ta kira shi ɗakinta. Ba ta ce ya zauna ba.

"Ashe ɗan'uwanka zai roƙe ka abu ka dubi idonsa ka hana? Faɗuwa nawa ka yi kana yaro, kyauta, ba wanda ta amfana? Ni na yi ta ɗaukar ka daga bakin murhu, daga bakin kwata. Yau an ce ka yi huɗu rak don ƙanenka ya ci gaba, shi ne za ka ce a'a? Abincin da kuke ci kai da Uwar Biyu da 'yan biyun daga sama yake faɗowa?"

"Inna, rai ne fa."

"Shi da ya karanta rai bai sani ba sai kai mai almakashi?"

Washegari ya zura hannu bayan madubi, ya taɓo hoda, ya taɓo bango. Ya tarar da Likita a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ba ni kwalbata."

"Na ajiye maka ne, Yaya."

Mai Aski ya kai hannu ga jakar aikin ƙanensa. Likita ya miƙe, ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya tura shi, har ƙeyarsa ta bugi bango. Wannan ne karo na farko da ƙanen ya taɓa wansa da hannu, kuma da alama shi kansa ya yi mamakin sauƙin abin.

Mai Aski ya tafi kemis na bakin titi. Mai kemis ya sunkuyar da kai yana jera kwalaye. "Likita ya biyo jiya, ya ce ya canza maka magani, kada in ba ka tsohon. Ni wa ne da zan ja da likita?" Sauran kemis suka ce wannan ƙwaya ba a sayar da ita sai da takardar likita. Ya hau mota ya je asibiti ya bi layi don ya ga wani likitan daban. Nas ɗin da ke kiran suna ta gane shi. "La, ai yayan Likita ne! Haba, kai ne za ka bi layi?" Ta aika aka kira masa ƙanensa, don karamci. A motar Likita ya dawo gida.

Faɗuwar farko ta zo masa yana wankin tawul a bakin famfo. Ya ji warin roba na ƙonewa, warin da ya yi shekaru bai ji ba, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya lashi ƙarfe. Ya buɗe baki zai kira matarsa. Da ya farfaɗo yana kwance cikin ruwan sabulu, harshensa a tattaune, wandonsa a jiƙe. Uwar Biyu ta rungume kansa a cinyarta tana kuka. Likita yana tsaye daga gefe da waya a hannu yana ɗaukar hoto, don a asibiti ana son shaida.

"Ki matsa kaɗan, kina tare fuskar," ya ce da matar wansa.

Daga ƙofar ɗakinta Inna ta jefa ƙwayar wake cikin wani gwangwanin madara. Ita aka ba aikin ƙirga, kuma ta riƙe shi da muhimmanci. Waken ya yi ƙara a gindin gwangwanin.

Ta biyu a kan matakalar ƙofa ta same shi, ta fasa masa gira, ta karya haƙori. Likita ya ɗinke girar da kansa, ɗinki mai kyau, har Inna na kiran maƙwabciya ta zo ta ga hannun yaron.

Daga nan sai faɗuwar ta ɗauke. Kwanaki suka wuce, gwangwani shiru. Mai Aski ya fara cin abinci, har ana jin waƙarsa a shago. Likita kuwa ya fara dubansa yadda ake duban injin da ya ƙi tashi. Ran nan ya dawo daga aiki da rana tsaka, bai ko cire farar riga ba, ya faɗa ɗakin wansa. Ya kife katifa, ya zazzage akwati, ya watsar da kayan yara. A cikin safar ɗaya daga 'yan biyun ya sami ƙwayoyin. Uwar Biyu ce ta samo su ta hannun wanta, mai sharar wani asibiti a can ƙarshen gari.

"Ke kin fi ni sanin magani ko?"

"Na fi ka sanin mijina," in ji ta.

Marin da ya yi mata sai da ɗankunnenta ya fita. Mai Aski ya shigo da gudu daga shago ya shaƙo wuyan farar rigar, suka zube tare a kan akwatin. Amma mutum mai fashin magani ba shi da ƙarfin kokawa da saurayi mai cin nama. Likita ya juya shi, ya danne masa ƙirji da gwiwa.

"Yaushe ka sha ta ƙarshe? Yaushe?"

Mai Aski ya datse baki. Likita ya matse masa muƙamuƙi a daidai inda aka koya masa baki ke buɗewa, ya zura masa yatsu biyu har maƙogwaro, sai da ya amayar da shayin safe da guntun farar ƙwaya a kan tabarma. Yaran na ihu a bayan ƙofa. Inna na tsaye a bakin ɗakin ta riƙe labule.

"Ku yi a hankali," ta ce, "kada maƙwabta su ji."

Maƙwabta sun ji. Sun ƙara sautin rediyo.

Ragowar ƙwayoyin a kwata suka ƙare. Da yamma aka ce Uwar Biyu ta je gidansu ta ɗan huta da yaran, sai hankalinta ya dawo. Inna ce ta ɗaure mata kaya.

A daidai wannan watan ne asibiti ya sa duk sababbin likitoci masu bincike wani kwas na ladubban aiki: yadda ake neman yardar mara lafiya, da abin da ya halatta a yi masa da wanda bai halatta ba. Likita ya fi kowa maki, har aka zaɓe shi ya yi jawabi ranar rufewa. Ya ɗauki abin da gaske. A banɗaki ma ana jin sa yana bita.

Wata safiya ya shigo shago da takardu a hannu, ya zauna a kujera kamar ba abin da ya faru.

"Yaya, ɗan gyara min gemu. Ka saurara kuma ka ji ko ya yi daɗi."

Mai Aski ya ɗaura masa tawul. Girarsa na nan da zare, leɓensa a kumbure. Ya shafa kumfa, ya buɗe reza.

"Ba a saka mutum a bincike sai da yardarsa," Likita ya karanta wa madubi, "yarda ta son rai, ba tilas, ba tsoro, ba kwaɗayi. Yana da ikon ya ce a'a, yana da ikon ya fita duk ranar da ya so, ba tare da ya rasa komai ba. Lafiyar mutum ɗaya tana gaba da duk sakamakon da za a samu."

Rezar tana kan jijiyar wuyansa. Mai Aski yana ganin yadda jijiyar ke bugawa ƙarƙashin kumfa. Hannunsa ya ɗan yi rawa, ba rawar ciwo ba.

"Wannan doka," ya ce a hankali, "har da masu aski?"

"Haba Yaya. Wannan ai ta asibiti ce, ta bare. Kai gida ne. Kuma ai ba a saka ka ba tukuna, shiri muke yi."

Mai Aski ya ja rezar sama, ya share kumfar, ya sake ja. Bai bar ko ƙwarzane ba. Amma Likita ya ga rawar hannun nan ta madubi, daga ranar kuwa ya koma aski a wani shago can gaba. Likita ne, ya san haɗari.

Sauran mutane ba a gaya musu ba. Mai Aski ya so ya rufe shagon, Inna ta ce rufewa za ta jawo tambaya. Sai ya ajiye reza a aljihun tebur, ya koma inji kawai, yana ce wa mutane rezar ta dakushe. Da yawa suka haƙura. Direba ne bai haƙura ba, wani ƙato daga tashar mota, tsohon mai zuwa, wanda ya shigo da abokan aikinsa biyu suna jira a benci.

"Inji? Ni akuya ce? Malam, ɗauko ƙarfe ka yi min irin na kullum, yau zan je gaida surukai."

"Direba, yau ba na jin daɗin jikina."

"Kai da ko a mace za ka yi aski? Ɗauko."

Ya ɗauko. Ya gama kunci ɗaya lafiya. Yana kan na biyu warin robar ya taso. Ya yi ƙoƙarin janye hannu, hannun ya riga ya zama ba nasa ba. Rezar ta bi daga gindin kunnen Direba har kusurwar baki.

Abokan ba su ga ciwo ba, jini suka gani. Ɗaya ya ɗauki benci, ɗaya ya ɗauki kwalbar turare. Suka rufe shi da duka yana ƙasa yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, suna cewa, "Ƙarya yake, ya yanka mutum zai yi mana wasan kwaikwayo!" Takalmi a haƙarƙari, takalmi a fuska. Madubin ya tarwatse a kansa. Sai da wata mai sayar da ruwa ta kwanta a kansa tana ihun "Farfaɗiya ce, kashe shi za ku yi?" sannan suka ja baya, suna share takalmansu a ƙasa kada yawun ya taɓa su.

Likita ya ɗinke fuskar Direba kyauta, ya ba mutanen tasha haƙuri da kansa. Layin gaba ɗaya ya yaba. Aka ce Allah ya yi wa gidan nan rahama da wannan yaro, da ba don shi ba da yanzu wan yana hannun hukuma.

A tsakar gida Inna ta riƙe wake a yatsu tana shakka.

"Likita, wannan ta shago ita ma a saka?"

"A saka, Inna. Ita ce ma mai shaidu."

Aka sa wa shagon kwaɗo. Aka sa wa ɗakin Mai Aski wani, daga waje, don lafiyarsa da ta jama'a. Haƙarƙarinsa biyu a karye, numfashi ma da dabara yake yi. Saura faɗuwa ɗaya, wata kuma ya kusa ƙarewa, ita kuwa ta ƙi zuwa. Likita ya san rashin barci na tayar da ciwon, don haka ya cire makunnin fitilar ɗakin ya bar ta a kunne, ya ajiye rediyo a bakin taga.

"Yaya, ɗaya fa ta rage," yakan ce ta jikin ƙofa kafin ya fita aiki. "In watan nan ya wuce ba ta cika ba sai mun sake daga farko. Ni ma ba son raina ba ne. Kai ka jawo da ka sha a ɓoye."

Sai ga mutumin da ya yi shekara da shekaru yana roƙon Allah ya tsare shi daga faɗuwa, ya koma roƙon Allah ya kayar da shi. Yakan jera filo da tsummoki a ƙasa, ya zauna a tsakiya nesa da bango, ya rufe ido yana shinshinar iska ko zai ji warin roba. Ba komai sai warin fitsarinsa a bokiti.

Ranar rufe kwas Likita ya fita da kwat da ɗamara, gemu a gyare. Da hantsi Inna ta ɗora babbar tukunyar ruwan wanka a kan risho, ta tafasa, ta kasa saukewa saboda bayanta. Ta buɗe kwaɗon.

"Fito ka sauke min ruwan nan, ka ma sha iska."

"Inna, bai kamata in je kusa da wuta ba."

"Kullum kana zaune ba ta zo ba, sai yanzu da na sa ka aiki?"

Ya kama hannayen tukunyar da tsumma. Wannan karon ko warin bai jira shi ba. Ya kife a kan rishon, hannunsa na dama ya nutse cikin ruwan har gwiwa, tukunyar ta biyo shi ƙasa. Ya sandare, ya fara fizga, ya lafa, kafin ya farfaɗo wata ta hau kan wata. Ba ta tsaya ba. Inna ta kira wayar Likita, a kashe, yana kan mumbari. Ta tsaya da gwangwani a hannu ba ta san nawa za ta saka ba. Daga ƙarshe ta yi ihun da ya sa maƙwabta suka kashe rediyo.

A bayan motar ɗaukar kaya aka kai shi, yana ta bugun ƙarfen da kansa. Waɗanda suka raka shi sun ce lokacin da ake turo shi a barandar asibiti, fatar hannun na saɓulewa kamar safa, ana jin tafi daga zauren taro na bene.

Ya farka bayan kwanaki, hannun a naɗe da bandeji kamar kan tabarya, harshe a ɗinke. Yatsu biyu sun tafi, sauran ukun sun manne. Wata babbar nas tana tsaye a kansa da ƙaramin kofi, a ciki farar ƙwayar nan tasa ce ta da.

"Bawan Allah, kai da ka san ciwonka, me ya kai ka daina shan magani?"

Mai Aski ya motsa baki, sautin bai fito ba.

"Taurin kai ne, Sista," in ji Likita daga gefen gado, idonsa jawur. "Mun yi fama da shi har mun gaji."

"Wallahi kuwa," in ji Inna. Ta sunkuyo tana gyara masa filo, ta ce a kunnensa, "Ka rufa mana asiri. In aka kore shi wa zai ciyar da 'ya'yanka, da wane hannun?"

"Kana da ƙane likita kana wasa da ranka," in ji nas ɗin. "Buɗe baki."

Ya buɗe.

Yanzu yana zama a kan dakali a ƙofar gida, hannun a cikin aljihu. Shagon an ba mai cajin waya. Uwar Biyu ta dawo, ita ke buɗe masa kwalbar safe da yamma, don murfin na son hannu biyu. Mutanen layin, waɗanda suka ji komai ta kan katanga, sukan tsaya su yi masa sannu, su ce ciwo jarrabawa ne, sannan su wuce ciki su nuna wa Likita ƙurjin ɗansu. Mai kemis ya ce shi umarni ya bi. Nas ɗin da ta kira ƙanen ta ce ita mutunci ta yi. Inna ta ce uwa ba ta bambanta 'ya'ya, duk wanda ya tashi ai gidan ne ya tashi. Likita ya ce da Yaya ya ba da haɗin kai tun farko da wata ɗaya ya isa. Takardar shaidar kwas ɗinsa tana rataye a falo cikin gilashi, kuma bana shi ke koyar da sababbin shiga darasin yarda. An ce yana koyarwa da kyau, har da misalai.

Binciken kuwa bai karɓi Mai Aski ba. Ba su ɗaukar wanda ciwonsa ya yi tsanani haka.